Gindin Mudu

Ran da na gaji rumfar Baba a Katako,
sanyin Jos na cizon yatsuna,
na ce wa raina: mudun nan
zai zauna yadda maƙeri ya bar shi.
A zuci na faɗa, ba wanda ya ji.
Niyya ce ɗanya shar,
kamar latas ɗin Farin Gada da raɓa a kansa.

Layinmu rumfa tara.
Mudu takwas sun sha guduma,
gindi ya lotsa ciki kamar kumatun tsohuwa,
tafi guda na acca yana komawa buhu a kowane awo.
Ba mai kiransa sata.
Sunansa gyara.

Ɗanliti ne ya fara: "Ku matsa, waliyyi ya iso!"
Garba Mai Wake ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Da azahar sahunmu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa,
amma bencin mai shayi
sai ya gajarce in na doso.
Aka zuba sabon adashi, ba a kira sunana ba.

Alhaji Tanimu ya ja ni bayan buhuna,
murya ƙasa, hannu a kafaɗata:
"Ɗana, ba mu ce ka yi laifi ba,
mudunka ne yake zagin namu.
In ka shiga gari ka ga kowa da jela,
nemi tsumma ka ɗaura."

Kwana arba'in na riƙe.
Ba yunwa ce ta kayar da ni ba, ba kwaɗayin riba ba.
Gaisuwa ce ta rame.
"Sannu" ake jefo mini kamar ƙashi,
hira ta mutu da zarar inuwata ta faɗa kanta.

Wani dare a Unguwar Rogo
na naɗe mudun cikin tsohon bargo
don kada maƙwabta su ji.
Sau uku na buga.
Hansatu na bakin ƙofa da littafin lissafinta:
"Baba, me mudu ya yi maka?"
Na ce tafi ki kwanta.

Da safe benci ya yi tsawo.
Ɗanliti ya biya mini shayi har da ƙwai.

Sai ga Mama Kaneng daga Vom
da jakar da take zuwa da ita tun zamanin Baba.
Ba ta dubi mudu ba, fuskata ta duba:
"Auna min biyar, ɗan Isiyaku.
Ku gidanku ba a tsaya muku a ka."
Na auna. Na toza baki har yana zuba
don ido ya ƙoshi.
Ta yi godiya. Har godiya ta yi.

Da la'asar, ruwa ya tsare mu rumfa ɗaya da Garba,
ƙanƙara na dukan kwano.
Ya daɗe yana kallon ƙasa,
sannan ya ɗaga wani buhu da ƙafa:
sabon mudu, ko ƙwarzane babu.
"Sati uku da sayensa," ya ce.
"Kai nake kallo.
Da ka ƙara ko Juma'a ɗaya, da na fito da shi.
Ɗanliti ma ya tambaye ni kuɗinsa."

Ashe dariyar da ta kore ni
tsoro ne sanye da rigar dariya.
Ni ina gudun idonsu,
su suna jiran bayana su laɓe.

Yanzu dare ya raba.
Guduma na hannuna, mudu na cinyata,
wannan karon ta ciki zan buga.
Na san tabon ba zai ɓace ba.
Ban ɗauko bargo ba,
kuma Hansatu ba ta yi barci ba.